Sumar da ba farfaɗiya ba: karanta tazarar QT a takardar ECG

Assalamu alaikum. Na ga wasunku tun daga Bukuru kuka taso cikin sanyin nan na Jos, sannunku da ƙoƙari. Na baya ku matso, layukan takardar nan ta ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, ƙanana ne. Yau maganarmu kan cutar doguwar tazarar QT ce, cutar zuciya ta gado da ke sa suma.

A 1957 wasu likitoci biyu a Norway, Jervell da Lange-Nielsen, suka ba da labarin wani gida mai yara huɗu kurame da ke yawan suma. Uku daga cikinsu suka yi mutuwar fuju'a. Zuciyarsu ba ta kumbura ba, ba ta huje ba. Matsalar tana cikin lantarkin da ke tafiyar da bugunta, kuma gadonta suka yi.

To, ku dubi takardar. Tana gudu milimita 25 a daƙiƙa, saboda haka kowane ɗan ƙaramin gida milisakan 40 ne. Ku ɗora bakin biro a farkon Q, inda layin bugun ke fara tsini, ku ƙirga gidaje har inda T, tudun da ke biye da tsinin, ta sauka. Wannan tazarar, wato QT, ita ce lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta kuma sake shiri. Sai a daidaita ta da saurin bugun ta lissafin Bazett na 1920. In ta haura milisakan 500, a tashi tsaye. Don Allah kada ku dogara da lambar da na'ura ta buga a saman takarda. Sau da yawa ba ta gane inda T ta ƙare. Da hannu ake ƙirgawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kowane irin cutar nan da abin da ke tayar da shi. Mai tangarɗa a ƙwayar halittar KCNQ1, wajen gudu ko iyo yake faɗuwa. Mai KCNH2, ƙarar waya cikin dare ta isa, kuma mai jego tana cikin haɗari. Mai SCN5A kuwa yana barci abin ke zuwa. Ita ma cutar Brugada, wata cutar lantarkin zuciya da aka bayyana a 1992, tana da alaƙa da SCN5A, kuma zazzaɓi ne ke fito da ita. A bar ta sai wani zaman.

A nan gida, yaro ya suma a filin ƙwallo sai a ce farfaɗiya ko iska. In aka kawo shi da zazzaɓi da gudawa, sinadarin fotasiyam ya ragu, muka ɗora masa kwinin ko eritiromaisin, mun ƙara tsawaita tazarar da hannunmu.

Yawancin irin nan, gado daga uwa ko uba kaɗai ya isa, kuma damar kowane ɗa ya gada rabi da rabi ce. Mai haɗe da kurumta sai an gado daga uwa da uba, shi ya sa nake tambayar auren zumunci. Magani irin su furofiranolol yana taimakawa ƙwarai, amma sai an gano tukuna. Ku zaunar da mahaifiya, ku ce: "Mama, a danginku akwai wanda ya kwanta lafiya bai tashi ba, ko ya iya iyo amma ya nutse?" In ta ce e, duk 'yan ɗakin a yi musu ECG.

Yanzu a raba takardun, kowa ya auna nasa ya faɗa mini.