Hoton gulbin Argungu da ake ta gardama a kansa

[Asuba a bakin gulbi. Ƙarar ruwa da kukan tsuntsaye]

Assalamu alaikum, jama'a. Hoton nan da kuke gani shi ne ya hana wayata sakat tun makon jiya. Masunci kwance a kan gora, ruwa ya yi ja kamar an tsiyaya manja, rana tana leƙowa ta cikin hazo. Wasu a Facebook sun rantse kwamfuta ce ta haɗa shi. Wani bawan Allah ya rubuto mini cewa a Argungu aka binne cibiyarsa, kuma bai taɓa ganin gulbin nan da wannan launi ba. Wasu kuma suka yi takakka, suka ɗauko nasu suka turo mini: sama fari fat, ruwa fari fat, kamar an shanya zanen gado.

To, mun dawo wurin, da wayar da ta ɗauki na farko, don ku gani da idonku.

[Hanya cikin duhu, fitilar babur]

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu bai kai tafiyar awa guda a mota ba. Nan muka kwana, ana sallame sallar asuba muka hau babur. Kowa ya san Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka faro tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kundin al'adun duniya a 2016. Mu nesa da filin bikin muka nufa, can cikin fadama, inda shinkafar rani ta yi shar har iyakar ganin ido, ba ka jin komai sai injin ban ruwa. Mun gaida mai gari tun jiya, shi ya haɗa mu da Baba mai jirgi. Ba a shiga irin wannan wuri ba ɗan gari, musamman a halin da ake ciki na tsaro. Rigar kariya daga nutsewa da ke jikina kuma, duk wanda ya tuna hatsarin jirgin ruwan Warra na 2021 ba zai ce na cika tsoro ba.

[Cikin kwale-kwale. Fuskar waya ta cika allo]

Yanzu ku natsu, don a nan ne kowa ke tuntuɓe.

Na ɗaga waya, ban taɓa komai ba. Kun ga abin da ta yi? Ta hango bakin gaɓa da duhu, ta hango Baba da duhu, sai ta yanke shawarar ƙara haske don su fito. Tana ƙarawa, sama ta wanke. Jan nan da idona ke gani a gabas, babu shi a fuskar waya. Wannan shi ne hoton da aka yi ta turo mini.

Idon ɗan Adam baiwa ce babba. Kana kallon sama ya daidaita kansa, ka sauko kan inuwa ya sake daidaitawa, ba ka ma san ya yi ba. Kyamarar waya ba ta iya riƙe haske mai ƙarfi da duhu mai ƙarfi a lokaci guda kamar haka. Wayoyin yanzu suna ƙoƙari, suna ɗaukar hoto biyu ko uku cikin ƙiftawar ido su haɗe su, amma idan rana na cikin hoton sau da yawa abin yana fin ƙarfinsu. Dole a zaɓi ɗaya, kuma idan ka yi shiru ita za ta zaɓar maka.

Ku dubi yatsana. Na taɓa sama, dab da rana. Akasarin mutane jirgi suke taɓawa, ko fuskar mutum, don shi suke so ya fito. A nan kuskuren yake. Na taɓa sama, ga ɗan akwati ya fito, ga alamar rana kusa da shi. A wasu wayoyin da'ira ce, a wasu layin yana kwance, aikin dai ɗaya ne. Yanzu zan ja alamar ƙasa. A hankali. Ku duba. Ku duba ruwan.

[Daƙiƙa biyar ba magana]

Kun ga jan ya dawo? Ban ƙara komai ba, dama yana nan.

Na san abin da ke ranku: ai Baba ya zama baƙi ƙirin. Ƙwarai kuwa, kuma ni a ganina nan ne kyan hoton yake, ga siffar hularsa, ga sandar tuƙi, ga koma a kafaɗa. Amma ko da fuskarsa kake so, gara ka rage hasken. Wurin da ya yi duhu a hoto, akwai sauran bayani a ɓoye cikinsa, in ka koma gida za ka iya ɗago shi kaɗan. Wurin da ya yi fari fat kuwa babu abin da kyamara ta ajiye. Kamar tuwo ne, in bai gama nuna ba a mayar da shi wuta, in ya ƙone sai dai a ƙanƙare tukunya. Shekarun baya na kwana biyu a Yawuri ina bin tsibiran Neja, na dawo gida na tarar rabin hotunan sun wanke haka. Har yau abin yana ci mini rai, don mutanen da suka ɗauke ni a jirginsu na yi musu alkawarin hoto.

Saura abu ɗaya. Da ka motsa hannu, wayar za ta sake lissafinta, aikinka ya rushe. Don haka danna wurin ka riƙe kamar daƙiƙa biyu, har alamar kullewa ta bayyana, sannan ka ja hasken ƙasa. Yanzu jirgi ya yi ta lilo, hasken ba zai canja ba.

[Balbelu sun tashi daga cikin shinkafa]

Shi kuwa jan, daga ina? Ƙurar hunturun nan da ke fasa mana leɓe, mai yawa daga cikinta iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Idan rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta yana ratsa iska da ƙura mai kauri kafin ya iso gare mu, shuɗin ya watse a hanya, ja da ruwan ɗorawa su rage. Hazo sama-sama ake so. Ranar da ya yi kauri har ba ka hango giginyar tsallake, rana za ta fito fari kamar faranti, ka haƙura sai gobe.

A watan Janairu rana tana fitowa nan wajen ƙarfe 7, kuma abin da kake da shi bai fi rabin awa ba. Ɗan uwanmu na Argungu gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa bai saba zuwa gulbi a wannan lokaci ba.

Sauran kuwa ku bi su da ido: goge gilashin kyamara da gefen riga mai laushi, ƙura ta riga ta hau. Kada ka jawo hoto da yatsa biyu, ka roƙi mai jirgi ya matsa. Layin ruwa ya miƙe, kada gulbi ya karkace. Matan da ke wanki a gaɓa kuma ba a ɗaukarsu sai sun yarda.

[Wuri ɗaya, ƙarfe 9 na safe]

Ga wurin nan dai, ga jirgin, ga wayar. Rana ta ɗaga, ruwa ya koma ruwan toka, ko na ja alamar har ƙasa jan ba zai dawo ba.

Baba, ga hotonka na ɗazu. Ka gane kanka?

[Baba yana dariya, yana nuna hularsa a fuskar waya]

Ya ce a wanko masa babba, zai rataye a zaure. In sha Allahu ranar kasuwa zan aiko masa da shi. Baba, mu juya, kada mu ɓata maka kamun yau.