Lacca: Yadda Hukumomin Ban Ruwa a Amurka Ke Riƙe Kuɗin Aikin Yanki

Assalamu alaikum. Jama'a, yau yammacin Amurka za mu leƙa, inda damina ba ta ciyar da manomi sai ya haɗa da ban ruwa.

A 1887 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ake kira dokar Wright. Ta ba manoma damar kafa hukumar ban ruwa tasu, su zaɓi shugabanni, su ci bashi, su ɗora biyansa a kan gonaki. Turlock ce ta fara, Modesto ta biyo baya, su biyun kuma suka gina madatsar La Grange a kogin Tuolumne, aka gama a 1893. Masu manyan filaye sun ƙi, har aka dangana da Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da dokar a 1896.

To, nan nake so ku kasa kunne. Ba kowane aiki ne na kowa ba. A ce manoman ƙarshen magudana suna son a binne musu bututu. Wanda gonarsa ke bakin dam, ina ruwansa? A jihar Washinton sai a shata gonakin da za su amfana, a zauna a ji ƙorafin masu su, sannan a raba musu kuɗin gwargwadon amfanin kowa.

Kuɗin nan ba ya shiga babban asusun hukuma. Asusu na daban ake buɗe masa, galibi a hannun ma'ajin ƙaramar hukuma, kuma bashin aikin da kuɗin ruwan da ke kan bashin kaɗai ake biya daga ciki. Ba a taɓa shi don albashi ko man mota. Ni dai a ganina wannan shingen shi ke sa manomi ya zaro kuɗi ba gardama. Duk wanda ya taɓa zuba kuɗin ƙungiya ya ji an ce "an ɗan ranta", ya san abin da nake nufi.

Amma fa akwai ɗaci. A wuyan gona bashin yake, ba a wuyan mai ita ba. Ka sayar, mai saye ya gada. Aka daɗe ba a biya ba, gonar na iya kaiwa ga gwanjo. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1930, manoma suka kasa biya, hukumomin ma suka kasa sallamar masu binsu. Shari'ar ɗaya daga cikinsu, Lindsay-Strathmore, ita ta sa Kotun Ƙoli a 1938 ta amince irin waɗannan hukumomi su je kotu a sassauta musu bashi.