Daga Awannin Ma'aikaci Zuwa Rabon Duniya: Jari-hujja a Mahangar Marx

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da haɗuwa. Na ga da yawanku kun zo da takarda da biro, to ku ajiye su kusa, domin da lissafi za mu fara. Wanda bai kama lissafin nan ba, duk sauran maganar Karl Marx za ta zame masa kirari.

Juzu'in farko na littafin Marx kan jari-hujja, Das Kapital, ya fito a 1867, kuma ga tambayar da ke ƙarƙashinsa: idan ana sayen kowace haja a kan ƙimarta, a sayar da ita a kan ƙimarta, daga ina riba take fitowa? Cuta a ciniki ba ta isa amsa ba, don abin da wannan ya ci wancan ne ya rasa, dukiyar ba ta ƙaru da komai ba. Marx ya ce akwai haja guda ɗaya da idan an yi amfani da ita take haifar da ƙimar da ta fi tata, ita ce ƙarfin ƙwadagon ɗan'adam. Mai masana'anta yana sayen wannan ƙarfi na yini guda, ya biya abin da zai ciyar da ma'aikaci da iyalinsa, ya tufatar da su, ya ba shi damar dawowa gobe. Abin da ma'aikacin ya samar a yinin kuwa na mai jari ne baki ɗaya.

Ku rubuta. Ma'aikaci a masaƙa yana awa 10. A awa 4 ya riga ya samar da ƙimar ladansa. Ragowar awa 6 ba a biya shi ba, ita ce rarar ƙima. Ku raba 6 da 4, za ku sami kashi 150 cikin 100: wannan shi ne ma'aunin tatsar. To amma mai masaƙa ya sayi auduga, injinsa ma yana lalacewa, a ce waɗannan sun kai ƙimar awa 26. Jarinsa ya zama 30 ke nan, rararsa 6, ribarsa kashi 20 cikin 100. Kun ga zai iya buɗe muku littafinsa ya nuna kashi 20 ba tare da ya yi ƙarya ba, alhali ma'aikacin ya yi fiye da rabin yininsa a kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hanya biyu ake bi a faɗaɗa rarar. Ko dai a tsawaita yini, daga awa 10 zuwa 12, rara ta koma awa 8. Ko kuma a bar yinin yadda yake, a kawo injina da za su arautar da kayan masarufi har ladan ya fito a awa 3, rara ta koma 7. Hanya ta farko tana da iyaka, don jiki yana gajiya, ma'aikata kuma suna turjiya. Dokar awa 10 ta Ingila a 1847, wadda ta shafi mata da matasa a masaƙu, da yajin aikin neman awa 8 na 1 ga Mayu 1886 a Amurka, duk a kan wannan iyaka aka yi su. Hanya ta biyu ita ce ta mamaye zamaninmu, kuma ta fi wuyar gani, tunda albashi yana iya ƙaruwa a daidai lokacin da kason ma'aikaci daga abin da ya samar yake raguwa.

A nan mutane da yawa suke kuskure, su ɗauka maganar halin mai kamfani ake yi. Mai kamfani na kirki da ya ƙi sayen sabon inji, abokin gasarsa zai karya farashi ya fitar da shi daga kasuwa. Gasar ce take tilasta kowa ya mayar da riba cikin jari. Ana haka babba yana haɗiye ƙarami, sai a wayi gari gasar da kanta ta haifi babakere. A wajajen 1880 kamfanin Standard Oil shi kaɗai yana tace kusan kashi 90 cikin 100 na man Amurka.

Daga nan Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha, ya ɗauka a rubutun da ya yi a Zurich a 1916. Ya lissafa alamomi biyar na wannan mataki: babakere ya mamaye samar da kaya, jarin banki ya haɗe da na masana'antu, fitar da jari waje ya fi fitar da haja muhimmanci, manyan kamfanoni sun raba kasuwannin duniya a tsakaninsu, manyan ƙasashe kuma sun gama raba yankunan duniyar kansu. Ta ƙarshen ce mai haɗari. A taron Balin, babban birnin Jamus, daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885, ƙasashe 14 suka zauna kan ƙa'idojin mamaye Afirka ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya ba, kuma kafin 1914 Habasha da Laberiya kaɗai suka rage. Idan an gama rabo, sannan ƙarfin wata ƙasa kamar Jamus ya zarce kasonta, to sai an sake rabo, kuma da bindiga ake yinsa. Karl Kautsky, wani babban masanin ra'ayin Marx a Jamus, ya ga cewa manyan za su iya shiryawa su ci duniya tare cikin lumana. Lenin ya ce irin wannan shiri hutun jan numfashi ne tsakanin yaƙi da yaƙi.

Akwai gyara da ya kamata a yi wa wannan bayani, kuma wanda ya damu da batun da gaske ba zai guje masa ba. Kaso mai yawa na jarin da Birtaniya ta fitar ya tafi Amurka da Ajantina da Kanada da Ostareliya ne, ba yankunan da aka mamaye a Afirka ba. Don haka fitar da jari shi kaɗai bai bayyana wawason Afirka ba, dole a haɗa da neman ɗanyen kaya da kishin ƙasashe da dabarun soja. Abin da ya tsaya daram shi ne tsarin cinikin: wani ya haƙo ɗanye ya sayar da araha, wani ya sarrafa ya dawo masa da shi da tsada. Kwame Nkrumah a 1965 ya kira ci gaban wannan tsari bayan an sauke tuta sabon mulkin mallaka, inda bashi da farashin da ake yankewa a waje suke yin aikin da gwamnan mulkin mallaka ya bari.

To, me ake yi? Tunda rara daga hannun ma'aikata take fitowa, ƙarfinsu yana cikin janye hannun tare. Kalmar tare ɗin nan ita ce aikin gaba ɗaya. Mai shirya ƙungiya yana farawa da zana wurin aiki a takarda: sassa nawa ne, mutum nawa a kowane sashe, wane sashe ne idan ya tsaya komai ya tsaya. Sai ya nemo a kowane sashe wanda ake jin maganarsa, kuma sau da yawa ba shi ne mai yawan surutu ba. Buƙatar farko ta zama wadda ta taɓa kusan kowa kuma ana iya cin ta. Kafin a ambaci yaji, a gwada ƙarfi da ƙaramin abu, kamar takardar koke da kowa zai sa hannu da sunansa. Idan mutum 30 cikin 100 suka sa hannu, lokaci bai yi ba. Yajin da aka kira ba ƙidaya yana karyewa da wuri, domin a bakin ƙofa akwai marasa aiki da ke jira, waɗanda Marx ya kira rundunar ajiya, ga kuma yunwa idan ba a tara asusun yaji daga kuɗin ƙungiya ba. Bambancin yare ko addini ko na ma'aikacin dindindin da na wucin gadi, idan ba a toshe shi tun farko ba, ta nan ƙadangare yake shiga.

Lenin a 1902 ya ƙara da cewa ƙungiyar ƙwadago ita kaɗai a neman ƙarin albashi take tsayawa, sai da jam'iyya da jarida da za su haɗa koken wannan masana'anta da na waccan. Rosa Luxemburg, wata jagorar 'yan gurguzu, ta gargaɗe shi a 1904 cewa tattara iko a hannun kwamitin tsakiya zai shaƙe himmar talakawan ƙungiya. A ganina tarihi ya ba kowannensu gaskiya ta wani ɓangare, kuma da tsada.

Ku dubi SPD, jam'iyyar ma'aikata ta Jamus. Tana da kujeru 110 a majalisa bayan zaɓen 1912, mambobinta sun haura miliyan ɗaya, ta kuma amince da ƙudurorin ƙin yaƙi a tarukan 'yan gurguzu na duniya da aka yi a Stuttgart a 1907 da Basel a 1912. Ranar 4 ga Agusta 1914 wakilanta suka jefa ƙuri'ar amincewa da kuɗin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai a Disamba ɗaya daga cikinsu, Karl Liebknecht, ya fito shi kaɗai ya ce a'a. Ofisoshi da jaridu da albashin jami'ai sun zama dukiyar da shugabanni ke tsoron rasawa. A Rasha kuma, jam'iyyar Bolshebik ta su Lenin ta haramta ɓangarori a cikinta a 1921, matakin da daga baya ya zama makami a hannun Stalin a kan duk mai saɓa masa.

Shi ya sa nake so ku riƙe ƙa'idoji biyu na gwamnatin ma'aikatan Faris, babban birnin Faransa, ta 1871, wadda ta yi kwana 72: duk jami'i zaɓarsa ake yi kuma waɗanda suka zaɓe shi suna iya tsige shi a kowane lokaci, sannan albashinsa kada ya wuce na ma'aikaci. A ƙara da karanta lissafin kuɗin ƙungiya a gaban taro, da rubuta ra'ayin marasa rinjaye a cikin bayanan zama. A rubuta waɗannan a tsarin mulkin ƙungiya tun tana da mutum ashirin, don idan ta kai dubu ashirin waɗanda ke kan kujera ba za su yarda a rubuta ba.

Zan dakata a nan. Masu tambaya su ɗaga hannu, mu fara daga baya.