Ciwon mafitsara mai daɗewa wanda gwajin fitsari ba ya nunawa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata. Laccarmu ta yau a kan wani ciwo ne da ke wahalar da mai shi sau biyu: ya sha azabar shi kansa ciwon, sannan ya sha azabar rashin yarda, domin duk lokacin da aka gwada fitsarinsa sai sakamako ya fito babu ƙwayar cuta. Likitoci na kiransa intastishiyal sistaitis, suna ne da likita Alexander Skene ya raɗa masa a 1887, amma a yanzu an fi son a ce masa ciwon mafitsara mai daɗewa, tun da ba a kowane majiyyaci ake samun kumburin da tsohon sunan ke nufi ba.

Alamar da ta fi fayyace shi ita ce dangantakar ciwon da cikar mafitsara. Yayin da fitsari ke taruwa sai mara ta riƙa yin nauyi ko zogi ko raɗaɗi, idan an yi fitsari a ɗan sami sa'ida, ba da jimawa ba kuma abin ya dawo. Mai lafiya yakan yi fitsari kamar sau 8 a yini ko ƙasa da haka, mafitsararsa na iya riƙe mililita 400 zuwa 600, amma wanda ciwon ya tsananta a gare shi yana iya zagayawa sau 30 ko fiye, dare da rana, kowane zuwa kuma ɗan kaɗan ne yake fita. Ku lura da dalilin gaggawarsa. Mai sakin mafitsara, wato wanda mafitsararsa ba ta iya riƙe fitsari sosai, yana gudu ne don tsoron kada fitsari ya kufce masa, shi kuwa wannan yana gudu ne don ya sauke ciwo. Ya fi kama mata, kuma da yawansu sukan ce yana ƙaruwa gab da al'ada ko bayan saduwa. Maza ma suna kamuwa, sai dai sau da yawa akan ɗora laifin a kan kumburin furostet, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Abin da ake zargi da haddasa shi ba guda ɗaya ba ne. Cikin mafitsara yana da wani siririn shafe mai santsi wanda ke hana gishirin fitsari, musamman fotasiyam, ratsawa zuwa nama, kuma ana ganin a wasu majiyyata wannan shafen ne ya raunana. A wasu, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ne suka zama masu saurin harzuƙa, har cikar da ba ta kai ta kawo ba take zama azaba, shi ya sa ake yawan samun ciwon tare da ciwon hanji mai sa murɗa da ciwon jiki na ko'ina. A wasu kuma tsokokin ƙasan ƙugu ne suka ɗaure suka ƙi saki. Akwai kuma wani rukuni ƙarami, kusan ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka, masu jan tabo mai saurin zubar jini a bangon mafitsara, wanda likita Guy Hunner na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ya siffanta sama da shekara 100 da suka wuce, har yau kuma da sunansa ake kiran tabon.

Babu gwaji guda da zai ce ga shi. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta gindaya cewa a yi zargin ciwon idan alamomin sun wuce mako 6 ba tare da an sami ƙwayar cuta ko wani dalili ba, ƙwararrun Turai kuwa sukan jira wata 6. Aikin likita na farko shi ne ya saurara da kyau, ya sa majiyyaci ya rubuta na kwana biyu ko uku lokacin da ya yi fitsari da yawansa da abin da ya sha. A ganina wannan takardar ta fi gwaje-gwaje masu yawa amfani. Daga nan sai a shuka fitsari a ɗakin gwaji don a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, a duba ko yana saura a mafitsara bayan an gama, a taɓa tsokokin ƙugu a ji ko suna da taushi ko sun ɗaure. Dole ne a kawar da cututtukan da ke kama da shi: tsakuwar mafitsara, tsargiya, tarin fuka na hanyar fitsari, cututtukan saduwa, ciwon sukari, da lalacewar mafitsara da shan ƙwayar ketamin ke jawowa. Idan akwai jini a fitsari, ko mutum ya manyanta, ko ya daɗe yana shan taba, wajibi ne a leƙa mafitsara da na'ura mai kyamara, domin sankara a farkonta tana iya zuwa da waɗannan alamomin sak. Da wannan leƙen ne kuma ake ganin tabon Hunner.

Kuskuren da na fi son mu tsaya a kansa shi ne na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mace za ta zo da zafin fitsari, a ce sanyi ne, a ba ta antibayotik. Ta ɗan ji dama saboda ciwon dama can yana tashi yana lafawa, sai a ɗauka maganin ne ya yi aiki. Bayan wata guda ta dawo a sauya mata wani. Haka za ta shafe shekaru, ƙwayoyin jikinta suna koyon bijire wa magani, ciwon kuma yana nan daram. Idan an shuka fitsari sau da dama babu abin da ya tsiro, ci gaba da antibayotik ba shi da hujja.

Magani yana farawa ne da bayani: ciwon na gaskiya ne, ba sankara ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma manufa ita ce a rage shi har mutum ya koma harkokinsa. Sai a duba abinci. Kofi da shayi da barasa da lemo mai gas da 'ya'yan itace masu tsami da tumatir da barkono da zaƙin da ake sa wa masu gudun sukari su ne aka fi kuka da su, amma ba na son majiyyaci ya haramta wa kansa komai har ya rame. Ya bar su na 'yan makonni, ya riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tayar da ciwo shi ne nasa. Kada ya ƙaurace wa ruwa don gudun fitsari, domin fitsari mai kauri ya fi ƙuna. Ga masu ɗaurarrun tsokoki, tausa ta ƙwararren likitan motsa jiki na daga cikin abubuwan da bincike ya fi goya wa baya, atisayen matse ƙugu kuwa, wanda ake koya wa masu yoyon fitsari, yana iya ƙara musu ciwo.

A magungunan sha akwai amitiriftilin, wanda akan fara da miligiram 10 da dare a ɗaga a hankali. Asalinsa maganin ciwon damuwa ne, amma a nan don kwantar da jijiyoyin ciwo ake ba da shi, kuma yana kawo barci da bushewar baki da taurin bayan gida. Akwai haidiroksizin da simetidin. Akwai kuma Elmiron, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1996, sai ga shi a 2018 likitocin ido sun ba da rahoton lahani a tantanin idon masu daɗewa suna shansa, don haka duk mai shansa yana buƙatar gwajin ido lokaci-lokaci. Idan waɗannan ba su wadatar ba, ana iya ɗura magani kai tsaye cikin mafitsara ta siririyar roba, kamar hefarin da lidokain, ko a buɗa ta da ruwa na ɗan lokaci bayan an sa mutum barci, ko a yi allurar Botox mai sassauta tsoka a bangonta, wadda wani lokaci takan hana fitsari fita sosai har sai an koyi sa wa kai roba. Masu tabon Hunner sun fi kowa sa'a a nan, domin ƙona tabon ko yi masa allurar sitiroyid yakan kawo sauƙi mai yawa, ko da yake yakan dawo a sake.

Cire mafitsara shi ne matakin ƙarshe, ga wanda tasa ta ƙanƙance ta taurare kuma komai ya gaza. Ko a nan sai an gaya masa gaskiya kafin a shiga tiyata, cewa idan tushen ciwon yana cikin jijiyoyi ne, yana iya ci gaba bayan an cire mafitsarar.