Sharhi: Kachala Da Makomar Bakin Ruwanmu A Jihar Katsina

Assalamu alaikum, masu sauraro. Sharhinmu na yau ya shafi wata ciyawa da masu noman rani da masunta suka sani sarai, wato kachala, wadda ke tsirowa a fadamu da gefen tafkuna da bakin madatsun ruwa. Tana tashi ta wuce tsayin mutum, har ta kai mita uku inda ta samu laka mai kyau, kuma kanta mai launin ƙasa-ƙasa yana kama da zangarniyar gero. Idan kan ya bushe ya fashe, iska takan kwashe ƙananan ’ya’yanta dubbai ta watsa su nesa, saiwarta kuma tana rarrafe a ƙarƙashin laka tana fitar da sababbin tsirrai.

Yau sunan kachala ya ɓaci a Arewa, amma an daɗe ana morar ta. Mutanen bakin ruwa sukan yanke ganyenta su shanya, su saƙa tabarma, su yi shinge da rufin ɗaki da rumfa. Cikin ganyen cike yake da ƙananan kofofi masu riƙe iska, shi ya sa rufin da aka yi da shi ke tare zafin rana, abin da rufin kwano ba ya yi mana a watannin bazara. Audugar da ke fita daga kanta ana cusa ta a matashin kai, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu Amurka ta yi amfani da ita a rigunan ceto na ruwa sa’ad da audugar rimi ta yi mata wuyar samu. Saiwarta tana da gari mai ƙosarwa, wanda al’ummomi da dama suka dogara da shi a shekarun yunwa, yayin da mazauna fadamun kudancin Iraƙi har yanzu suke tara garin furenta mai launin rawaya suna yin wani abin zaƙi da shi. Sai dai a nan akwai gargaɗi, domin kachala tana zuƙar dattin da ke cikin ruwa, don haka saiwar da ta tsiro inda kwatami ko ruwan masana’anta ke kwarara ba abar ci ba ce.

To, yaya aka yi ciyawa mai wannan amfani ta zama annoba? Amsar tana fadamar Haɗeja da Nguru. A da, ruwa yakan yi ambaliya da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe, kuma wannan bushewar ita ce ke taka wa kachala burki. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa kwanciya a hanyoyinsa shekara zagaye, kachala ta samu abin da take so. Ta toshe magudanu, ta karkatar da ruwa ya mamaye gonakin wasu ya bar na wasu a bushe, ta hana masunta wucewa da kwale-kwale. Ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki da ke cinye shinkafa da gero, da sauro, da dodon-koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya. Abu ɗaya ya faru a kogin Senegal bayan kammala madatsar Diama a 1986.

Abin da ya kamata ya dame mu a Katsina shi ne, mu ma muna da ruwan da ke kwance rani da damina: Zobe a Dutsin-Ma, da Jibiya, da Ajiwa, da Mairuwa a Funtuwa, da Sabke da Daberam a ƙasar Daura. Duk inda aka faɗaɗa noman rani, aka haƙa magudanu, takin zamani kuma ya riƙa wankowa cikin ruwa, an shirya wa kachala wurin zama. A ganinmu, kuskure ne a jira sai ta rufe magudanu sannan a nemi kuɗin hayar injunan yashe, alhali hannun da zai yanke ta tun tana ƙarama yana nan a ƙauyuka, kuma zai yanke ta da son ransa muddin akwai mai saye.

Mai sayen kuwa ana iya samar da shi. A Muritaniya da Senegal ana busar da kachala a mayar da ita gawayin girki, ana kuma gwada ta a matsayin kayan gini mai hana zafi shiga ɗaki. A nan gida ma, masu bincike a yankin Haɗeja sun yi aiki kan sarrafa ta ta zama iskar gas ta girki da abincin dabbobi. Wanda ya san yadda itacen girki ya yi tsada a Daura da Mai’aduwa da Zango da Baure, da yadda gatari ke cin sauran itatuwan da ke tare mana hamada, ba zai raina gawayin da ake samu daga ciyawar da ke sake tsirowa da kanta ba.

Yankan ma yana da ƙa’ida. Ƙona ta da rani ba ya kashe ta, domin wuta ba ta kai wa saiwar da ke cikin laka. Ganyen ne ke kai wa saiwar iska, saboda haka idan ana so a kawar da ita daga magudanar ruwa, a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, a maimaita, har saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Inda kuwa ake son ta ci gaba da ba da ganyen saƙa, sai a yanke ta sama da ruwa, a bar wani sashe saboda ƙananan kifaye da tsuntsayen da ke fakewa a cikinta.

Muna kira ga hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda madatsun tarayya na jiharmu ke ƙarƙashinta, da gwamnatin jiha, da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin manoman rani, su zagaya bakin kowace madatsa su auna inda kachala ta kai, su ware inda za a share da inda za a riƙa girbi, sannan a haɗa matasa da dattawan da har yanzu suka iya saƙar tabarma da ɗaurin jinka, kafin lokacin noman rani mai zuwa.