Darasin Kimiyya: Yadda Ake Matse Haske Don Awo Mai Tsananin Daidaito

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau LIGO za mu leƙa, na'urar nan ta Amurka mai auna girgizar sararin samaniya, mai tashoshi biyu, ɗaya a Hanford, ɗaya a Livingston. Kowace tasha tana da bututu biyu, kowanne tsawon kilomita 4, hasken leza na kai da komo a ciki tsakanin madubai masu nauyin kilo 40. Ranar 14 ga Satumba, 2015, ta kama girgizar da karon baƙaƙen ramuka biyu, wato dunƙulallun abubuwa masu tsananin nauyi da ko haske ba ya kuɓuce musu, ya aiko daga can sararin samaniya. Motsin madubai da aka auna, faɗin furoton guda, wato ƙanƙanuwar ƙwayar da ke tsakiyar atom, ya ninka shi sau ɗaruruwa.

To, a irin wannan awo ko wucewar mota damuwa ce. An rataye madubai, an zuƙe iskar bututu, an yi maganin wannan. Sai ya rage hayaniyar da ke cikin hasken kansa.

Ku saurari ruwan sama a kan rufin kwano. Ɗigo ba ya sauka a jere, wani ya riga, wani ya makara. Haka ƙwayoyin haske, wato foton, suke isa ga ma'auni, kuma wannan rashin tsari shi ke binne ƙaramin saƙo. Kana ƙara ƙarfin leza ka rage shi, amma sai foton su riƙa bugun madubin suna jijjiga shi. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

A nan ku natsu. Ƙa'idar masanin kimiyya Heisenberg ta 1927 ta ce ba za a san ƙarfin igiyar haske da lokacin isowarta daidai-wa-daida a tare ba. Sai dai ƙa'idar ba ta ce dole a raba rashin tabbas ɗin biyu daidai ba. A 1981 wani masanin kimiyya, Carlton Caves, ya nuna ana iya matse shi a ɓangaren da ake aunawa, ya kumbura a ɗayan. Da wani lu'ulu'u na musamman ake yi, mai fitar da foton bibbiyu a haɗe. GEO600, wata na'ura irin LIGO da ke Jamus, ita ce ta fara aiki da dabarar, LIGO ta biyo a 2019.

Amma ɓangaren da ya kumbura ya ƙara jijjiga madubi, ya ɓata awon girgiza mai tafiya a hankali. Shi ya sa daga 2023 ake bi da hasken ta wani bututu mai tsawon mita 300, wanda ke juya matsin: a girgiza mai sauri a matse lokaci, a mai sanyin tafiya a matse ƙarfi. Ni dai wannan dabara tana burge ni ƙwarai.

Ɗalibai, abin lura shi ne asara. Duk foton ɗin da ya ɓace a hanya, ko ta ƙura ko ta madubin da bai gogu sosai ba, ya bar abokinsa shi kaɗai, hayaniyar da aka kora ta dawo ta gurbinsa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu lissafa yawan matsin da ke saura idan kashi 10 cikin 100 na hasken ya salwanta.