Koya Musu Su Kiyaye: Almajiranci a Cikin Ikkilisiya

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Maganarmu ta yau ta taso ne daga umarnin da Ubangiji ya bar wa almajiransa a Matiyu 28:19-20. Kashin farko mun riƙe shi da kyau, wato a tafi a almajirtar da dukan al'ummai, a yi musu baftisma. Kashi na biyu kuwa, wanda ya ce a koya musu su kiyaye duk abin da ya umarta, shi muke yi wa sakaci, domin baftisma hidimar yini ɗaya ce, koyar da biyayya kuma aiki ne na shekaru, mai cin haƙuri.

Ku lura cewa yawancin umarnan Ubangiji ba sa kiyayuwa ga mutumin da ya ware kansa. Wa za ka gafarta wa in ba wanda ya yi maka laifi? Nauyin wa za ka ɗauka, kamar yadda Galatiyawa 6:2 ta ce, in ba ka san halin da ɗan'uwanka yake ciki ba? Shi ya sa mutum wajen 3,000 da suka ba da gaskiya a ranar Fentikos suka lizimci koyarwar manzanni, da zumunci, da gutsuttsura gurasa, da addu'a.

Ina so mu ɗan tsaya a kan Barnaba, Balawin nan (wato ɗan kabilar Lawi) mutumin Kubrus, domin a ganina rayuwarsa ta nuna mana yadda ake wannan aiki. Sa'ad da Shawulu ya zo Urushalima bayan tubarsa, almajirai duk suka ji tsoronsa, kuma suna da dalili, tunda a dā shi ne yake jan masu bi zuwa kurkuku. Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni. Daga baya ya bi shi har Tarsus, ya kawo shi Antakiya, suka shekara guda suna koyarwa tare. Da Yahaya Markus, wanda ya raka su tafiyar shelar bishara, ya rabu da su a Bamfiliya ya koma gida, Bulus, wato Shawulun nan, ya ƙi sake tafiya da shi, gardama ta yi zafi har suka rabu, Barnaba ya ɗauki saurayin suka nufi Kubrus. Bayan shekaru, Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti cewa ya zo da Markus, domin yana da amfani a gare shi wajen hidima. Da ba a sami mai jure wa kasawar Markus ba, da ikkilisiya ta yi asarar ma'aikaci.

Sai dai biyayya a cikin ikkilisiya tana da iyaka, kuma dole in faɗe ta. Ibraniyawa 13:17 ta umarce mu mu yi wa shugabanninmu biyayya, domin za su ba da lissafi a kan rayukanmu, amma su ma suna ƙarƙashin Maganar Allah. A Antakiya, da Bitrus ya janye daga cin abinci tare da masu bi na al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, don tsoron Yahudawa masu nacewa a kan kaciya, har Barnaba mutumin kirki ya bi sahunsa. Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban kowa, domin abin da ya yi ya saɓa wa gaskiyar bishara, ga shi kuwa a fili aka yi shi, yana kuma raba teburin da Almasihu ya haɗa.